Wayar Yallaɓai Ba Ta Zama a Ƙasa

Idan ana lissafin mutanen da Allah ya yi wa baiwar sanin inda kowa ya kamata ya zauna, to a fara da Yallaɓai Sahun-Gaba, sannan a huta, a sha ruwa, kafin a shiga neman na biyu. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tsara zaman manya a tarukan ma'aikatarsu. Shi ke riƙe da takardar sunaye. Shi ke cewa wannan kujera ta wane ce, waccan ta mataimakin wane, ta can ƙarshe kuma ta wanda aka gayyata don kunya. Ya taɓa tayar da wani dattijo daga kujera ta uku ya mai da shi ta bakwai, kuma har gobe yana ba da labarin kamar wanda ya dawo daga yaƙi da ganima. Ranar da ya yi ritaya, ma'aikata ta karɓi makullin ofis da katin shaida, amma ta manta ba ta karɓi halin ba. Sai ya naɗo abinsa ya taho da shi gida.

A gidan kuwa an ga tsari. Takalman bakin ƙofa a jere suke bisa shekarun masu su. Kofunan shayi ma kowanne da muƙaminsa, mai bakin zinariya ba ya kwana kusa da na roba. Hatta kajin matarsa ya so ya koya musu shiga akurki bi da bi, sai dai zakaran ya ƙi ba shi haɗin kai. Mu 'yan layi ne muka raɗa masa Sahun-Gaba, don ko dubiyar mara lafiya aka je, sai ya tsaya daga ƙofa ya auna wace kujera ce ta fi kusa da gadon. Sunan ya kai kunnensa, bai kuwa yi fushi ba. Shi a ganinsa naɗi aka yi masa.

Mutum huɗu ne ke rayuwa ƙarƙashin wannan mulki: matarsa, mace mai haƙurin da ya wuce misali; ɗansa da matar ɗan, da ke sashen baya; sai yayarsa, wadda duk layin ke kira Gwaggo. Gwaggo ce kaɗai ƙayar da ta tsaya masa a wuya, don ta girme shi da shekara tara, kuma ita ta goye shi. Duk jadawalin da ya zana, idan ya zo kanta sai alƙalaminsa ya tsaya. Dish ɗaya ne a kan rufin gidan, dikoda ɗaya a falo, rimot kuwa a aljihun Yallaɓai yake kwana.

Ana nan sai tsohuwar ma'aikatar tasu ta cika shekara hamsin, aka shirya gagarumin taro, aka aika wa tsofaffin ma'aikata kati. Yallaɓai ya sa rigar da ba ta fitowa sai da dalili, ya tafi tun kafin masu shara su gama. Da ya dawo, bai ko cire hula ba ya tara iyali a falo, kowa a mazauninsa.

"Ba don kaina nake faɗa ba," ya ce. "Ni kyamara ta ishe ni, na gan ta har na gaji. Amma mai ɗaukar hoton nan, da ya hango inda na zauna, sai da ya gyara tsayuwa. Sahun farko, kujera ta biyu daga tsakiya. Duk wanda ya san aikin ya san abin da wannan kujera take nufi. Ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma za a nuna taron a tashar tauraron ɗan'adam. Ba ƙasa ɗaya ba, ba biyu ba. Don haka ya zama wajibi mutanen layin nan su san da wa suke maƙwabtaka."

A wannan daren bai san zai gayyaci kowa ba, kafin azahar ɗin washegari ya rubuta sunan mutum arba'in da uku. Nan matsala ta taso. Falon zai iya ɗaukar su idan aka matsa, amma ina aka taɓa jin tsohon shugaban sashe ya haɗa gwiwa da mai gyaran keke? Sai Yallaɓai ya raba baƙin aji huɗu: manya a falo, mata a ɗakin matarsa, tsofaffi a ɗakin Gwaggo, sauran jama'a kuma a sashen ɗansa. Kowane ɗaki za a sa masa talabijin ɗinsa da dikodarsa. Ni da nake ba ku labarin nan a cikin sauran jama'a na faɗo, kuma na gode.

Aka kira mai dish. Mutum ne da ya haura arba'in, rana ta gasa masa ƙeya saboda hawa rufi, maganarsa kuma ba ta wuce abin da ake buƙata. Ya saurari jawabin maraba na minti goma, sannan ya ce ba sai an kafa dish huɗu ba. Za a canja ƙoƙon da ke tsaye a gaban dish ɗin a sa mai baki huɗu, a sauko da waya huɗu zuwa wani ɗan akwati da ake kira maltisuwic, daga nan kowane ɗaki ya ja tasa wayar, kowa ya kalli tashar da ya ga dama ba tare da ya dami wani ba.

"Wato akwatin shi ke raba wa kowa rabonsa," in ji Yallaɓai, idonsa na ƙyalli. "Ashe abokin aiki ne."

Ranar Alhamis aka yi aikin. Mai dish ya hau tsani, ya sauko, ya huda bango, ya kafa akwatin a lungun da ke tsakanin falo da ɗakuna, daidai inda duk mai wucewa zai gan shi. Ɗan ƙaramin abu ne na ƙarfe, bai fi faranti ba, da bakunan ɗaura waya a jere: huɗu a sama, takwas a ƙasa, sai wata 'yar fitila koriya. Yallaɓai na tsaye a bayansa, hannu a baya, yana duba aikin da idon wanda bai taɓa riƙe sukurdireba ba amma ya sha sa hannu a takardar sayen ta.

Da ya gama, mai dish ya share gumi ya yi bayani.

"Ranka ya daɗe, tashoshin da ke saukowa kashi huɗu ne, kowace waya da kashin da take ɗaukowa. Shi ya sa na naɗa musu salatif, ga ja, ga baƙi, ga kore, ga rawaya. Kowace da bakinta a nan sama, ba sa musanya. Na ƙasan nan kuma na ɗakuna ne. Su duk ɗaya ne, ko'ina ka ɗaura daidai ne."

"Duk ɗaya?" Yallaɓai ya maimaita, kamar an zagi iyayensa. "Malam, a duniyar nan babu wasu bakuna biyu da suke ɗaya. Ina wayar falona?"

"Ga ta nan, ta uku."

"Ta farkon fa?"

"Ta ɗakin Gwaggo ce. Ita ta fi kusa."

Yallaɓai ya rufe ido na ɗan lokaci. Mai dish, wanda ya shiga gidaje da yawa ya ga iri-iri, ya kwance biyun ya musanya su. Ya ɗauka magana ta ƙare. Amma idon Yallaɓai ya riga ya hau sama.

"Waɗannan huɗun da suka hakimce a sahun sama, na su wane ne?"

"Na dish ne, ranka ya daɗe."

"Dish ɗin wa?"

"Naka."

"To ka ji fa. Kwanon da na kafa da hannuna, wanda tsuntsaye ke yi wa kashi, shi ne da kujera huɗu a sama, ni maigidan ina ƙasa cikin talakawa."

"Sama shiga ce, ƙasa fita ce," in ji mai dish. "Don Allah kar a taɓa na saman." Ya bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, ya kunna, kowace talabijin ta kawo hoto tangaran, har da tashar da ake jira. Ya ɗaure tsaninsa a babur ya tafi.

Kwana biyu Yallaɓai yana wucewa ta lungun nan yana kawar da kai. Abin na cin sa. Yana tunanin tsohon shugaban sashe zai wuce, ya ɗaga ido, ya bi wayar falo da kallo, ya ga inda ta ƙare. Cewa babu mahalukin da ke bin waya da kallo a gidan mutane, wannan bai taɓa zo masa a rai ba, don shi yana yi.

Safiyar Asabar, ɗansa ya fita ɗauko kujerun haya, matar ɗan da uwar mijinta suna kicin, Gwaggo na barcin hantsi. Yallaɓai ya fito da singileti da tabarau, ya jawo kujera 'yar tsugunno, ya hau. Da farko ya ɓare salatif ɗin nan huɗu, don a cewarsa sun mai da bangon gidan mutunci kamar rumfar mai sayar da balan-balan. Wayoyin suka koma farare sol, iri ɗaya, ba ka bambance wata da wata. Ya ja baya ya yaba. Sannan ya kwance ta farko a sahun sama, ya kawo wayar falo ya ɗaura a gurbinta, ya murɗa har sai da yatsunsa suka yi ja. Wadda ya tsige kuwa ya kai ta can ƙarshen sahun ƙasa, baki na takwas, ta zauna ta jira a neme ta.

Matarsa ta fito da tire a hannu ta gan shi a sama.

"Baban yara, ba mai dish ya ce kar a taɓa ba?"

"Mai dish ya san waya," ya ce ba tare da ya waiwayo ba. "Ni na san matsayi. Kowa ya tsaya a fanninsa."

Ta dube shi, ta dubi akwatin, ta koma kicin. A can ta ajiye tiren ta ɗauki wayar salularta.

Mai hankali zai ce, to ai sai ya kunna ya gwada. Wanda ya faɗi haka bai san Yallaɓai ba. Talabijin ɗin falo tun daren Juma'a aka lulluɓe ta da farin ƙyalle, don akwai bikin buɗewa da ƙarfe huɗu saura minti biyar, kuma ba a buɗe abu sau biyu. Rimot huɗun gidan kuwa duk suna aljihunsa, kada wani ya riga manya gani.

Ƙarfe uku baƙi suka fara isowa. Yallaɓai na bakin ƙofa da takarda a hannu, fuskarsa na sheƙi, shekara goma ta zube daga jikinsa. Ya kai tsohon shugaban sashe kujerar tsakiya, mai kantin magani a damansa, tsohon shugaban makaranta a hagunsa. Telan layinmu ya ba shi wahala, don shi ya ɗinka rigar da za a gani a talabijin, amma dai tela ne. Bayan dogon nazari aka ba shi kujerar roba a bakin ƙofar falo, ƙafa ɗaya cikin manya, ɗaya a waje. Aka raba lemo da biskit, su ma aji-aji. Mu sauran jama'a namu lemon bai ga firji ba.

Huɗu saura kwata ya miƙe ya yi gyaran murya, aka buɗe ƙofofin ɗakuna don kowa ya amfana.

"Manyan baƙi, masu girma, da kuma sauran waɗanda suka samu halarta. Abin da za ku gani yau ba hoto ba ne kawai, darasi ne. Mutum ba ya tsintar kansa a sahun gaba. Sahun gaba ne ke gane mutuminsa. Na yi shekara talatin da ɗaya ina zaunar da wasu, ban taɓa roƙon kujera ba, kujera ce ke nemana. Ko akwatin da kuka wuce a lungu, da aka kawo shi babu tsari a cikinsa, sai da na sa hannu."

Aka yi tafi. Ya aika da rimot uku zuwa ɗakuna, ya kama gefen ƙyallen, ya ja shi da salo, ya danna.

Allon ya yi shuɗi. A tsakiya wani ɗan rubutu na yawo: babu sigina.

"Tana ɗumama ne," in ji Yallaɓai. Aka jira ta ɗumama. Ya sake dannawa, ya bubbuga rimot a tafin hannu, ya cire batir ya lasa ya mayar. Ya ce hadari ne, tela ya leƙa waje ya ba da rahoton cewa sama wasai take. Ya ce to daga tashar ne, sun saba, babu tsari a aikinsu. Mai kantin magani ya dubi agogonsa, irin duban da ake yi don a gani.

Sai ga muryar Gwaggo daga ɗakinta: "Mu dai tamu ta kawo! Ga wata dorina nan tana hamma!"

Haka aka yi, ɗakuna uku duk suna da hoto, falon manya ne kaɗai babu. Ƙarfe huɗu ta buga. Babu yadda za a yi, Yallaɓai ya jagoranci tawagar manya zuwa ɗakin Gwaggo, yana ƙoƙarin jera su a hanya. Gwaggo na zaune a tsakiyar gadonta da ƙafa a miƙe, ta ce kowa ya zauna inda ya samu. Tsohon shugaban sashe ya samu buhun kayan wanki. Yallaɓai ya karɓi rimot ya danna lambar tashar. Baƙi ƙirin. Ya koma baya, dorina. Ya je gaba, wasu mutane na gudu a kan ƙanƙara. Ya dawo lambar tashar, baƙi ƙirin. Aka tambayi sauran ɗakunan, amsa ɗaya: tashoshi da yawa suna nan, wasu sun ɓace, kuma wadda aka taru dominta tana cikin ɓatattun. Cikin wayoyi huɗu da ke saukowa daga rufi, Yallaɓai bai tsige kowace ba sai wadda ke ɗauke da fuskarsa.

Zufa ta fara keto masa ta ƙarƙashin hula. Ya fita lungu da sauri, ya hau kujera 'yar tsugunno da babbar rigarsa, ya tsaya gaban akwatin. Wayoyi takwas, farare, kamar 'yan gida ɗaya. Waɗanda ke sama da waɗanda ke ƙasa duk suka yi masa kallon ba mu san ka ba. Ya tabbata dai matsalar ba daga wayarsa take ba, don ita tana inda ya dace. Sai ya kama sauran ukun na sama ya shiga sauya musu wuri.

"Yanzu fa?" ya ɗaga murya.

"Dorinar ta tafi!" in ji Gwaggo.

"Mu kuma wani mutum muke gani yana yanka albasa yana wani yare!" daga ɗakin mata.

Ya kwance, ya ɗaura. "Yanzu fa?"

"Komai ya ɗauke!" muka amsa daga sashen baya.

Ya kwance, ya ɗaura. Albasa ta koma ɗakin Gwaggo, mu muka samu masu wa'azin sayar da tukunya, mata suka samu allo mai tsartuwa. Wani ɗan noti ya suɓuce masa ya gangara ƙarƙashin kabad, tsohon shugaban makaranta ya durƙusa nema. Jama'a suka baro ɗakunansu suka cika lungun, manya da ƙanana kafaɗa da kafaɗa, mai gyaran keke na ba mai kantin magani shawara. Tsarin da aka kwana uku ana zanawa ya narke cikin minti goma, maigidan kuwa bai ma lura ba. Huɗu da kwata ta wuce. Wani wuri a sararin sama ana nuna Yallaɓai Sahun-Gaba ga ƙasashe, gidansa kaɗai aka tsallake.

Ana cikin haka aka ji tsayuwar babur. Mai dish ya shigo da jakarsa, yana neman hanya cikin mutane.

"Wa ya kira ka?" in ji Yallaɓai daga sama.

"Ni ce," matarsa ta ce daga ƙofar kicin. "Tun da safe na ce masa ya zo da huɗu."

Mai dish ya ɗaga kai ya dubi akwatin. Ya daɗe yana dubawa.

"Ina salatif ɗin?"

"Na sallame su. Ba su dace da bangon ba."

"Ranka ya daɗe, waya huɗu a baki huɗu, hanya ashirin da huɗu ake iya jera su, ɗaya ce kawai daidai. Kai kuma da uku kake ta juyawa. Ko za ka kai gobe ba za ta zo ba. Sauko."

Shekara talatin da ɗaya babu wanda ya taɓa ce wa Yallaɓai sauko. Ya sauko. Mai dish ya hau, ya kwance duka, ya fito da 'yar na'urarsa ta awon sigina, ya riƙa ɗaura wayoyin ɗaya-ɗaya yana duba allonta. Wadda ya gane sai ya yi mata alama da biro ya kai ta bakinta. Ya ɗauko wadda aka kora baki na takwas ya mai da ita sama. Daga ƙarshe wayar falo ta rage a hannunsa.

"Wannan ƙasa za ta koma."

Yallaɓai ya matso, ya rage murya, amma a wurin da mutum arba'in suka yi shiru babu ƙaramar murya.

"Malam, duba mana. Ba za a iya samar mata wuri a saman ba? Ko daga gefe ne, a matsayin baƙuwa ta musamman?"

"Baki huɗu ne, kuma duk da masu su. Ko wayarka ta sauka, ko kai ba za ka fito ba. Zaɓi ɗaya, lokaci na tafiya."

Yallaɓai ya dubi agogo, huɗu da minti ashirin da biyar. Ya juyo ga jama'a ya buɗe hannu.

"Bisa la'akari da maslahar al'umma, na amince wayata ta sauka, na wucin gadi."

"A sauke ta dai mu gani," in ji Gwaggo. "Lemona ya yi ɗumi."

Mai dish ya murɗa ta a bakin da hannunsa ya fara kaiwa. Nan take ihu ya tashi daga ɗakuna huɗu a lokaci guda. Kowa ya ruga, ba wanda ya tuna ajinsa. Ni dai na tsinci kaina a falo, a kujerar mai kantin magani, tela kuma a ta tsakiya.

Ga zauren taro, ga fitilu, ga furanni. Kyamara ta bi sahun farko a hankali, sai ga shi. Wallahi shi ne. Kujera ta biyu daga tsakiya, rigar ta sha guga, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana gyaɗa kai ga wani jawabi kamar shi ya rubuta. Falo ya kaure da tafi, mata suka yi shewa daga ɗakinsu, tela na faɗin a dubi wuyan rigar. Yallaɓai ya je ya tsaya a gefen talabijin ɗin, ƙirji a gaba, yana nuna kansa da rimot, ko da wani zai yi shakka.

"Ku lura da zaman," ya ce. "Zama ma ilimi ne."

Sai aka ga mutanen zauren sun miƙe. Babban baƙo ne ya iso a makare, da matarsa. Kyamara ta tarbo su daga ƙofa, ta rako su har sahun farko. Babban baƙo ya tsaya gaban kujerar tsakiya. Matarsa ta tsaya gaban ta biyu, wadda ke da mutum a kai.

Yallaɓai na gefen talabijin ya daina nuni. Shi a iya saninsa, lokacin da wannan ya faru a zauren, kyamara tana kan masu kiɗa.

Wata matashiyar ma'aikaciya ta shigo hoton da takarda a hannu. Ta sunkuya cikin ladabi ta yi wa Yallaɓan talabijin raɗa. Ya girgiza kai. Ta nuna masa takardar. Ya nuna ƙirjinsa, ya ɗaga yatsu uku, sannan ɗaya, kowa a falon ya gane shekarun aiki ake lissafawa. Ta sake nuna takardar, ta yi murmushi, ta miƙa hannu tana nuna masa hanya. Matar babban baƙo na tsaye tana gyara jaka. Daga ƙarshe ya miƙe, ya tattara rigarsa, ya bi ta tsakanin kujeru. Mai ɗaukar hoton nan da aka ce ya gyara tsayuwa, lallai ya gyara, don bai sake shi ba: sahu na biyu, na huɗu, na bakwai, har can baya kusa da lasifika, inda aka buɗe masa kujerar ninkewa a bayan ginshiƙi. Abin da ya rage a hoton gefen hula ne da kunne ɗaya.

Aikin mai dish kuwa ya yi kyau, ba a cewa komai. Hoton garau, har zufar goshi ana gani, kuma a ɗaki huɗu.

Falo ya yi shiru irin na mutanen da ke riƙe da dariya da haƙora. Tsohon shugaban sashe ya shiga nazarin kwalbar lemonsa. Daga ɗakin mata wata ta fashe, aka ji ana toshe mata baki, abin ya ƙi. Tela ya yi ajiyar zuciya ya ce, don ya gyara zance, ai ko ta baya rigar ta zauna. Gwaggo kuwa ba ta san rage murya ba.

"Yarinyar nan ta iya aiki! Ƙanena, kai ka koya mata?"

Gaskiya na ji tausayinsa, har na kusan minti ɗaya. Ya ajiye rimot a kan tebur, abin da ba a taɓa gani ba, ya fita lungu a hankali. Mai dish na can yana naɗa sabon salatif a wayoyin, ja, baƙi, kore, rawaya. Daga talabijin ana jin mai gabatarwa na sanar da cewa za a maimaita shirin gobe da jibi, ga waɗanda ba su samu gani ba.

Yallaɓai ya dafa kafaɗar mai dish, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Malam, wayar nan da ka mayar sama. Cire ta. Mai da komai yadda na sa shi da safe."

Mai dish ya yanke salatif da haƙori, ya manna, ya shafa da babban yatsa.

"Zan iya, ranka ya daɗe. Sai dai akwatin nan gidanka kawai yake raba wa. Sauran gari kowa da dish ɗinsa."